Waiwaye: Chester Himes da Littattafan da Ya Rubuta Don Ya Ci Abinci

A ƙarshen shekarar 1956 wani baƙar fata ɗan Amurka mai shekara 47 ya shiga ofishin kamfanin ɗab'i na Gallimard a birnin Faris, aljihunsa babu ko anini. Sunansa Chester Himes. Ya riga ya wallafa ƙagaggun labarai guda biyar, irin waɗanda marubuci ke zuba ransa a ciki yana fatan masana su jinjina masa, amma babu ɗaya da ya raba shi da bashi. A nan ya haɗu da Marcel Duhamel, mutumin da ya fassara littafinsa na farko zuwa Faransanci, wanda kuma ke riƙe da wani jerin littattafai masu baƙin bango da ake kira Série Noire, na kisa da sata da 'yan sandan ciki. Duhamel ya ce ya rubuta musu irin wannan. Himes ya ce shi bai san yadda ake yi ba. Duhamel ya ce abu ne mai sauƙi: ya fara da wani ya yi wani abu, wani ya rama, a ci gaba a haka kamar ana kallon majigi. Kada ya tsaya faɗin abin da ke zuciyar kowa, ya nuna abin da hannu ke yi. Ya zaro kuɗi ya ba shi kafin alƙalami.

Yunwa ce ta sa ya karɓa, ba sha'awa ba. A lokacin gani yake ya sauko, ya bar layin Richard Wright da James Baldwin, 'yan uwansa baƙaƙen marubuta da ke zaune a Faris, ya koma layin masu rubuta abin karantawa a jirgin ƙasa. Yau kuwa, da waɗannan littattafai da ya raina ake saninsa a duniya. Ni kuma na yi imani ba sa'a ce kawai ba. A cikinsu ne ya samu damar faɗin gaskiyar da ya shekara ashirin yana neman bakin faɗa.

An haifi Himes ranar 29 ga Yuli, 1909, a Jefferson City ta jihar Missouri. Gidansu gidan boko ne. Mahaifinsa, Joseph, yana koyar da ƙira da haɗa ƙafar keken doki a kwalejojin baƙaƙen fata na kudancin Amurka. Mahaifiyarsa, Estelle, ita ma ta taɓa koyarwa. Ita fara ce sol har ana iya ɗaukarta Baturiya, shi kuma uban baƙi ne wuluk, kuma wannan bambancin launi ya zama abin gori a cikin gidan har auren ya mutu. Tun kafin yaron ya fita waje ya gamu da wariyar Turawa, ya riga ya ga yadda cutar ke cin baƙaƙe a tsakaninsu.

Abin da ya fi tsaya masa a rai ya faru ne yana da kimanin shekara 13, a garin Pine Bluff na jihar Arkansas. An shirya shi da wansa Joe za su nuna gwajin haɗa albarushi a bikin makaranta. Chester ya yi wani laifi a gida, uwar ta ce horonsa shi ne ba zai hau dandamalin ba. Joe ya hau shi kaɗai. Abin ya fashe masa a fuska. Aka sa shi a mota aka nufi asibiti mafi kusa, wanda na Turawa ne. Chester yana kujerar baya yana kallo, mahaifinsa ya fita yana roƙon likitoci a bakin ƙofar taimakon gaggawa, suka ce ba su karɓar baƙar fata. Ya ga ubansa, malamin kwaleji, yana kuka kamar yaro. Joe ya makance. Daga baya dai ya yi karatu har ya zama farfesan nazarin zamantakewa, amma ƙanen bai taɓa yafe wa kansa ba, domin yana ganin da yana wurin da abin bai faru ba, bai kuma taɓa yafe wa ƙasar ba.

Iyalin suka koma St. Louis neman magani, daga nan Cleveland a jihar Ohio. Uban ya rasa aikin koyarwa ya koma aikin ƙarfi. A 1926 Chester ya gama sakandare, ya kama aikin kwashe kwanuka a wani otal don ya tara kuɗin jami'a. Wata rana ya buɗe ƙofar lif ya sa ƙafa, ashe lif ɗin ba ya nan. Ya faɗa ramin, ya karye a baya da hannu da muƙamuƙi. Da kuɗin diyya ya shiga Jami'ar Jihar Ohio, bai cika shekara ba aka sallame shi saboda ya kai 'yan uwansa ɗalibai gidan da bai kamata ba. Ya dawo Cleveland ya faɗa cikin 'yan caca da 'yan sane. A watan Nuwamba na 1928 ya shiga gidan wasu attajirai, mata da miji, da bindiga, ya kwashe kuɗi da kayan ado ya tafi da motarsu. A Chicago aka kama shi yana neman mai sayen kayan. Alƙali ya yanke masa shekara 20 zuwa 25. Yana da shekara 19.

Babban gidan yarin Ohio da ke Columbus an gina shi ne don mutum kimanin 1,500, amma fiye da 4,000 aka cusa. Ranar 21 ga Afrilu, 1930, bayan an kulle fursunoni da yamma, wuta ta tashi. Gandirobobi suka yi jinkirin buɗe ƙofofi don tsoron kada a gudu. Mutum 322 suka mutu, yawancinsu hayaƙi ne ya shaƙe su a bayan ƙarafan ɗakunan da ba su da mabuɗinsu. Himes yana cikin gidan a daren, ya ga an jera gawarwaki a fili. Bayan wannan ne ya kama rubutu gadan-gadan. Ya samu keken rubutu, ya rinƙa aika gajerun labarai ga jaridu da mujallun baƙaƙen fata. A 1934 mujallar Esquire, wadda manyan marubutan Amurka ke rububin shiga, ta buga labarinsa da lambarsa ta fursuna, 59623, sannan ta buga wani kan gobarar. Ya ce rubutun ne ya kare shi a ciki, domin fursunoni da gandirobobi duka suna shakkar taɓa mutumin da sunansa ke fitowa a mujalla. A nan kuma ya rinƙa karanta mujallar Black Mask, inda Dashiell Hammett ke buga labaran bincikensa. Bai san wata rana za su yi masa rana ba.

A 1936 aka yi masa sakin talala bayan shekara bakwai da 'yan watanni. Ya auri Jean Johnson a 1937. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka tafi Los Angeles, inda masana'antun ƙera jiragen ruwa ke neman ma'aikata ido rufe. Ya yi ayyuka fiye da ashirin cikin shekara uku, kusan duk na leburanci, alhali ya iya aikin hannu kuma ya yi karatu. Ya ce kurkuku bai karya shi ba, amma Los Angeles ta cika masa ciki da ƙiyayya. Daga nan littafinsa na farko ya fito a 1945, If He Hollers Let Him Go, labarin kwana huɗu a rayuwar Bob Jones, baƙar fata shugaban leburori a wurin ƙera jirgi, wanda tsoro da fushi ke ci tun daga farkawa har kwanciya, har wata Baturiya ta yi masa ƙazafin fyaɗe. Littafi ne mai ƙarfi, har yau ana karanta shi a jami'o'i.

Na biyun, Lonely Crusade, ya fito a 1947, kan wani baƙar fata mai haɗa kan ma'aikata su shiga ƙungiyar ƙwadago. Wannan kam kowa ya yi masa ca. 'Yan gurguzu suka ce ya ci mutuncinsu, wasu baƙaƙen masana suka ce ya kunyata su, Turawa suka ce ɗaci ya yi yawa. Marubucin da Esquire ta buga ya koma gadin gidaje da ɗaukar jakar baƙi a otal. Littafin da ya rubuta kan zaman kurkuku ya yi ta yawo daga wannan kamfani zuwa wancan, jaruminsa ma Bature ne, duk da haka sai da aka datse shi aka sake masa fasali kafin ya fito a 1952. Cikakkensa bai ga rana ba sai 1998. Aurensa ya mutu. A watan Afrilu na 1953 ya hau jirgin ruwa zuwa Faransa.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa waɗannan littattafai na farko, duk da gaskiyar da ke cikinsu, suke da nauyin karantawa. Abin da na gano shi ne, kusan kowane shafi yana magana ne da Bature. Yana nuna masa tabo, yana cewa dubi abin da kuka yi mana, ku gane mu ma mutane ne. Himes ya zama kamar mai kai ƙara gaban alƙalin da shi ne ya cinye masa gona: komai kyawun hujjarsa, hukuncin na hannun wanda ba ya son ji. Mai irin wannan rubutu ba ya iya sakin jiki. Ba ya iya nuna baƙar fata ɓarawo ko wawa ko maƙaryaci ba tare da fargabar za a ce ai duk haka suke ba. Ba ya iya dariya.

Da ya zauna rubuta wa Duhamel, babu wanda yake roƙo. Masu karatunsa Faransawa ne da ke son labari mai gudu, kuɗin ma an riga an fara biya. Ya ɗora labarin a Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta New York, ya buɗe shi da wata damfara da duk wanda ya taɓa zama a tashar mota a Nijeriya zai gane. Wani bawan Allah mai suna Jackson, gajere mai ƙiba, mai zuwa coci, yana aiki wurin mai sana'ar shirya gawa. Ya haukace kan wata mace, Imabelle. Ta haɗa shi da wasu da suka ce suna da sinadarin da ke mai da takardar dala 10 ta koma ta dala 100. Jackson ya kwaso duk abin da ya tara, dala 1,500. A gabansa aka naɗe kuɗin cikin takarda aka cusa a bututun kwali aka jera a murhun gashi. Yana tsaye yana gumi yana lissafin abin da zai saya. Murhun ya fashe. Kafin hayaƙi ya lafa wani ya banko ƙofa ya ce shi jami'in gwamnati ne, kowa ya arce, Jackson kaɗai aka riƙe. Don ya fanshi kansa ya je ya saci kuɗin maigidansa ya ba da cin hanci, ga wanda shi ma ɗan tawagar ne. Ragowar ya kai gidan caca don ya mayar da asara, ta ƙone. Bayan duk wannan, abin da ke damunsa shi ne kada wani abu ya sami Imabelle.

Mu nan mun saba, in aka ba da irin wannan labari, sai mu ce kwaɗayi mabuɗin wahala, mu rufe zancen. Himes bai rufe ba. Yana sa ka yi wa Jackson dariya har cikinka ya ƙulle, amma yana sa ka ga cewa mutumin da aka toshe wa kowace halastacciyar hanyar arziki shi ne ya fi saurin yarda da mu'ujiza. Ɗan uwan Jackson, tagwayensa Goldy, yana sanye da kayan sistar coci yana zaune bakin kanti yana sayar wa mutane tikitin shiga aljanna, kuma ana saya. Babu inda marubucin ya tsaya ya yi wa'azi kan wariya. Ya nuna maka kuɗin haya, da ɗakin da mutum da yawa ke kwana, da jirgin ƙasa da ke wucewa saman gidajen yana girgiza su, ya bar ka da lissafin.

Da ya kai wa Duhamel kashin farko, sai aka ce masa ina 'yan sandan? Ai ba a labarin 'yan sanda babu ɗan sanda. Nan ya ƙirƙiro mutum biyu da suka zama tambarinsa: Coffin Ed Johnson da Grave Digger Jones, wato mai laƙabin akwatin gawa da mai laƙabin haƙa kabari. Baƙaƙen 'yan sandan ciki ne, manya-manya, cikin yamutsattsun kwat da tsohuwar baƙar mota, kowa da doguwar bindiga mai ƙyalli. Ya ce ya ɗauko su ne daga wasu baƙaƙen 'yan sanda biyu da ya sani a Los Angeles, waɗanda ba su da tausayi ko kaɗan. A littafin farko wani ɗan damfara ya watsa wa Coffin Ed ruwan batir a fuska, ya bar shi da tabo da saurin hannu har ƙarshen jerin.

Waɗannan mutum biyu su ne suka ɗauki nauyin abin da Himes ke son faɗa. Suna dukan mutanensu don su kare dokar da ba ta kare mutanensu. Sun san su wa ke da gidajen hayar, su wa ke shigo da ƙwaya, sun kuma san hannunsu ba ya kaiwa can. Suna ƙyale karuwa da ɗan caca saboda sun san abinci suke nema, amma ba sa ɗaga wa mai zub da jini ƙafa. Shugabansu Bature ne, Laftana Anderson, mutumin kirki da bai fahimci unguwar ba. Shekara da shekaru suna aiki babu ƙarin girma. Tsohon fursunan da 'yan sandan Chicago suka lakaɗa wa duka shi ne ya zauna ya rubuta 'yan sanda, bai mai da su mala'iku ba, bai kuma mai da su shaiɗanu ba.

Littafin ya fito a Amurka a 1957 da sunan For Love of Imabelle, cikin arahar bango, babu wanda ya kula. Daga baya aka sake masa suna A Rage in Harlem. A Faransa ya fito a 1958, kuma a shekarar ya ci Grand Prix de Littérature Policière, babbar kyautar ƙasar ta irin waɗannan littattafai. Yana gab da shekara hamsin, karon farko rubutu ya fara ciyar da shi. Wasu suka biyo baya a jere, wani ma cikin 'yan makonni yake gamawa. Abin lura, Himes ba ɗan Harlem ba ne. Zamansa a can bai taka kara ya karya ba, kuma yawancin littattafan daga ɗakunan haya a Faransa ya rubuta su. Shi da kansa ya ce Harlem ɗinsa ba hoton ta gaske ba ce, ƙwace ta ya yi daga hannun marubuta Turawa ya mayar wa masu ita. Ya kuma ce sai a lokacin ya gane rayuwar baƙar fata a Amurka ba baƙin ciki kaɗai ba ce, akwai rashin kan gado a cikinta har mutum ya kasa bambance gaskiya da shirme, kuma wanda ya bar wannan ɓangaren bai faɗi rabin labarin ba.

A nan ne nake ganin darasin ya shafe mu. Waɗanda suka yi sakandare a Nijeriya shekarun baya sun san yadda littattafan James Hadley Chase ke yawo hannu zuwa hannu har bango ya cire, malamai suna ƙwacewa suna cewa ba adabi ba ne. Chase ɗan Ingila ne, kuma yana cikin marubutan farko da jerin Duhamel ya buga. Mun kuma san yadda aka yi wa littattafan Hausa da suka cika kasuwa tun wajen ƙarshen shekarun 1980 laƙabin adabin kasuwar Kano, da nufin a ce kayan talla ne ba na nazari ba. To, a cikin kayan tallan ne Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta shiga sayar da abinci don ta riƙe su. Ta faɗi abin da ke faruwa a cikin gidaje fiye da maƙaloli masu yawa, kuma a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Ba ina cewa duk abin da aka sayar a kasuwa zinariya ba ne, shara ta fi yawa, a can ma haka take. Abin da nake cewa shi ne, marubucin da ke rubuta wa mai saye da kuɗinsa, ba don a yaba masa a taron masana ba, sau da yawa ya fi samun 'yancin kallon mutanensa ido cikin ido. Kuma mai hukunta littafi da bangonsa ko da rumfar da aka sayar da shi, zai rasa irin su Himes a duk inda suka ɓullo.

Wanda ya fi shahara a jerin shi ne Cotton Comes to Harlem, na 1965, kuma Afirka na tsakiyarsa. Wani tsohon fursuna da ya rikiɗe ya zama limamin coci, Deke O'Malley, ya kafa rumfa a wani fili yana rajistar masu son komawa Afirka. Kowane iyali dala 1,000, za a ba su gona da kayan noma a ƙasar kakanninsu. Iyalai 87 suka biya. Ana cikin taron, ana gasa nama ana waƙoƙin coci, wasu Turawa suka zo da mota suka yi fashin dala 87,000 ɗin, kuɗin suka ƙare a cikin dilar auduga da ta faɗo kan titi. Himes ya san mafarkin da yake taɓawa. Tun zamanin Marcus Garvey, wanda ya kafa kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line a 1919, talakawan Harlem ke zuba kuɗin guminsu a kan begen komawa gida. Bai yi wa begen ba'a ba. Wanda ya ci amanar begen shi ya tsana. Ga kuma wani Kanar Bature daga kudu da ya buɗe ofis yana kiran baƙaƙe su koma gonakin auduga, wai can ne gatansu yake.

Yadda aka warware shi ne ya fi burge ni. 'Yan sandan biyu sun kama Kanar ɗin da laifin kisa. Sun san in sun kai shi kotu, ko an hukunta shi ko ba a hukunta ba, iyalan nan 87 ba za su ga ko sisi ba. Sai suka yi ciniki da shi: ya biya dala 87,000 daga aljihunsa, su ba shi kwana ɗaya ya gudu. Ya biya. Aka mayar wa talakawa kuɗinsu, mai kisa ya tsira. Ainihin kuɗin kuwa wani tsoho ɗan bola jari, Uncle Bud, shi ya tsinci dilar, ya kwashe abin da ke ciki ya hau jirgi, sai labarinsa aka ji daga Dakar yana sayen garken shanu. Duk littafin, shi kaɗai ya koma Afirka. Mai karatu zai yi dariya, amma zai kwana yana tambayar kansa ko abin da 'yan sandan suka yi adalci ne, kuma in ba shi ba ne, wane adalcin ne ya rage musu. A 1970 Ossie Davis ya mai da shi fim, ya yi kasuwa sosai, yana cikin finafinan da suka nuna wa Hollywood cewa baƙaƙen fata masu sayen tikiti ne.

Ba zan ɓoye halin mutumin ba, domin shi ma bai ɓoye ba a tarihin rayuwarsa mai juzu'i biyu da ya fitar a 1972 da 1976. Mashayi ne, mai zafin zuciya, mai saurin ɓatawa da abokai kan kuɗi. Ya doki mata da suka zauna da shi, ya kuma rubuta hakan ba tare da nadamar da ta kamata ba. Yadda yake zana mata a littattafansa ma sau da yawa akwai raini a ciki. Zaluncin da aka yi masa gaskiya ne, amma ba ya wanke wanda shi ya yi wa waɗanda suka fi shi rauni, kuma ba na son a karanta shi a manta da su.

Yayin da biranen Amurka ke ci da wuta a tarzomar shekarun 1960, aka kashe Malcolm X a 1965, aka kashe Martin Luther King a 1968, dariyar littattafan ta rinƙa ƙafewa. Blind Man with a Pistol, na 1969, ya karya babbar ƙa'idar labarin bincike, wadda ta ce a ƙarshe sai an gano mai laifi. An yi kisa, ba a gano kowa ba. Manya sun hana 'yan sandan biyu bin sawun da zai kai su inda ba a so, aka ce su je su nemo wanda ke tayar da tarzoma. Amsar da suka kawo ita ce laifin ya faro tun daga Abraham Lincoln, da ya 'yanta bayi bai tanadar musu abin da za su ci ba. Littafin ya ƙare suna harbin ɓeraye a wurin da ake rushe gidaje, wani makaho kuma ya zaro bindiga a jirgin ƙarƙashin ƙasa yana harbi ba ya ganin wanda yake samu. Himes ya ce haka tashin hankalin da ba shi da tsari yake.

A 1969 ɗin ya koma Moraira a gaɓar tekun Sifaniya tare da Lesley Packard, 'yar Ingila, wadda ya aura a 1978, ita ce kuma ta yi jinyarsa. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi tun 1963, daga baya cutar karkarwa ta Parkinson ta kwantar da shi. Ya rasu ranar 12 ga Nuwamba, 1984. Shekara guda bayan haka Simon Njami, marubuci ɗan asalin Kamaru, ya fitar da labari da Faransanci inda ya ari 'yan sandan nan biyu ya kawo su Faris. A 1990 Walter Mosley ya fito da nasa baƙin mai bincike, Easy Rawlins, a Los Angeles ɗin da ta ƙi Himes, ya kuma samu karɓuwar da Himes bai taɓa samu a gida ba.

Akwai littafi na ƙarshe da ya fara bai gama ba, Plan B, inda wani ke raba wa baƙaƙen Amurka bindigogi a ɓoye don a yi ta ta ƙare. A cikinsa abokan nan biyu suka rabu: Coffin Ed ya tsaya kan rantsuwar aikinsa, Grave Digger ya ce shi ya koma bayan mutanensa, ya harbe abokinsa, shi ma aka harbe shi. Faransawa suka buga shi haka nan a 1983, marubucin na da rai. Amurkawa ba su buga shi ba sai 1993.